Kafin Ki Shafa Maganin Gashi, Kawo Kwalbar Mu Gani



A duk ranar rigakafin yara, musamman ranar allurar sati 14, ba na rasa mace ɗaya ko biyu da za ta jira sai layi ya ragu, ta matso kusa da ni, ta zame ɗankwali ta ce, "Sista, dubi kaina." Gashin gaban goshi ya yi shara-shara, in ta tsefe kai sai mataji ya cika. Sau da yawa kafin in buɗe baki ta riga ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka: ƙawarta ce ta ba ta, ko ta gani ana talla a waya, ko mai kitso ce ta haɗa mata. Kwanan baya wata ta zo da fatar kai ta yi ja tana tsattsafo da ruwa, kwalbar kuwa ba suna, ba rubutu, ga jariri a goye yana goga fuska a ƙeyarta.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Muddin kina da ciki ko kina shayarwa, kada ki sha ko ki shafa wani sabon maganin gashi sai kin nuna wa likita, ko ungozomar asibiti, ko mai harhaɗa magunguna. Ga dalilaina.

Me ya sa gashin mai jego ke zuba?

Kowane silin gashi yana da lokacin tsiro, da lokacin hutu, da lokacin faɗuwa. Mai lafiya kan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana ba tare da ta lura ba. Idan ciki ya shiga, sinadaran jiki na mata sukan ƙaru, sai su riƙe gashin da ya kamata ya faɗi. Shi ya sa kan mai ciki ke cika. Da zarar an haihu sinadaran sun sauka, sai gashin nan da aka riƙe wata da watanni ya zubo kusan lokaci guda. Yakan fara ne wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Ba nono ne ya tsotse shi ba, ba kuma wani ne ya yi miki asiri ba. Ga yawancin mata, kafin a kai yaro allurar ƙyanda ta wata 9 an fara ganin ƙananan gashi a goshi, kafin ya cika shekara kai ya koma yadda yake.

To, 'yar'uwa, ki lura da wannan da kyau, don a nan masu talla ke cin kasuwa. Idan gashi zai dawo da kansa, ko ruwan randa kika shafa a wata na 4, a wata na 9 za ki rantse cewa ya yi aiki. Ƙawarki da ta ce mai kaza ne ya dawo mata da gashi ba ƙarya ta yi miki ba. Gashin ya dawo, amma ba man ne ya dawo da shi ba. Haka nan hoton "kafin" da "bayan" ba hujja ba ne: an sauya haske, an sauya kitso, kuma ba a nuna miki waɗanda suka shafa bai yi musu komai ba.

Na gaskiyar ma ba na mai ciki ba ne

Akwai magungunan gashi da aka gwada aka tabbatar suna aiki. Amma aiki daban, dacewa da mai ciki daban.

Na farko shi ne minoksidil, wanda ake sayarwa da sunan Regaine ko Rogaine, kuma yana cikin mayuka da yawa na gashi da na gemu. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai aka lura masu shan ta gashi na tsiro musu. A 1988 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na shafawa. Sai an yi wata 3 zuwa 6 ana shafawa kafin a ga canji, kuma in aka daina, gashin da ya tsiro zai sake zuba. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa shawarar amfani da shi. A ƙasar Sifen, a 2023, an samu jariri da gashi ya tsiro masa a baya da ƙafafu, da aka bincika sai aka gano mahaifinsa ne ke shafa maganin a kai, yana kuma rainon yaron. Mu da muke goyo, kan uwa da fuskar jariri kusan a haɗe suke wuni.

Na biyu finasteraid ne, mai sunan Propecia, wanda aka amince da shi don sanƙon maza a 1997. Yana hana jiki sarrafa wani sinadarin maza, kuma da wannan sinadarin ne al'aurar ɗan tayi namiji ke ginuwa a cikin mahaifa. Saboda haka mai ciki ba ta shan sa, ba ta ma taɓa ƙwayar da ta fashe ko ta dagargaje. Maigida, in kana shan wannan ƙwaya, ka adana ta inda uwargida da yara ba za su kai hannu ba.

Na uku su ne ƙwayoyin "ƙarin gashi" masu bayotin. Abin da jiki ke bukata a rana bai wuce maikrogiram 30 zuwa 35 ba, amma wasu kwalaben na ɗauke da 5,000 har 10,000 a ƙwaya ɗaya. A 2017 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yawan bayotin yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na bugun zuciya, kuma yana rikita na halittar maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo. In kina sha, ki faɗa kafin a ɗebi jininki. Wasu haɗe-haɗen kuma suna da bitamin A mai yawa, wanda in ya wuce ƙima yana iya nakasa ɗan da ke ciki, kuma shi kansa yana zubar da gashi.

Yadda ake gane maganin ƙwarai

Bari in ba ki misali da sabon magani na haƙiƙa. A 2022 aka amince da ƙwayar barisitinib a Amurka don cutar da garkuwar jiki ke cinye gashi, kai ya yi fili-fili kamar an ɗora kwabo. An gwada ta a kan mutane kimanin 1,200 na tsawon sati 36, wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, don a kwatanta. Cikin waɗanda suka sha mai ƙarfin, kusan kashi ɗaya cikin uku ne gashinsu ya rufe yawancin kai. An rubuta illolinta ƙarara, likita ne kaɗai ke bayarwa, kuma ba a ba mai ciki. Kin ga halin maganin gaskiya ke nan: yana faɗin cutar da yake yi wa aiki, da waɗanda bai yi wa ba, da waɗanda aka hana. Duk wanda ya ce nasa yana yi wa kowa aiki, ba shi da illa ko kaɗan, ki riƙe kuɗinki.

Ga tambayoyin da za ki yi wa kowace kwalba:

1. An rubuta abubuwan da ke ciki, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa? In babu, a bar shi. "Sirrin gidanmu ne" ba amsa ba ce.

2. Akwai lambar NAFDAC? In akwai, mai harhaɗa magunguna zai iya duba miki ko ta gaske ce, don ana buga ta jabu. Ki kuma sani cewa a yawancin magungunan gargajiya na kwalba, akwai rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

3. Wace irin zubewar gashi yake magani? Sanƙo, makero, gashin jego da cin kitso kowanne dalilinsa daban. Mai guda ba zai warkar da su duka ba.

4. Kwana nawa aka yi alkawari? Gashi na tsiro kimanin santimita 1 ne a wata. Mai cewa kwana 7 gashi zai sauko kafaɗa, labari yake ba ki.

5. Me aka rubuta game da mai ciki da mai shayarwa? Shiru ba izini ba ne. Sau da yawa yana nufin ba a gwada ba.

6. Wa ke yabon maganin? In mai sayarwa ne ko wadda aka biya ta yi talla, ai mai kaya ba ya kushe kayansa.

Na san abin da wasu za su ce

Za a ce, "Ku 'yan asibiti kullum sai dai ku ce a yi haƙuri." Akwai gaskiya a ciki. Gashi ado ne na mace, kuma wadda ke fargabar maigida ya ga kanta, ko ake yi mata habaici a gida, ba ta bukatar a ce mata abin ba komai ba ne. Laifinmu ne in muka sallame ki ba tare da bayani ba. Za a kuma ce kayan gargajiya ne, iyaye da kakanni sun yi amfani da su. Ni ma ba na faɗa da man kaɗanya ko man kwakwa da kika san asalinsu. Suna tausasa gashi, suna rage karyewa, ko da yake ba sa tsirar da sabo. Abin da nake tsoro shi ne haɗin da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Abin da ke hannunki

Ki ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a wurin awo, har bayan haihuwa kamar yadda aka umarce ki, domin ƙarancin jini na ƙara zubar da gashi. Ki ci wake, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa, zogale da alayyafo gwargwadon hali. Ki sassauta kitso. Kitson suna da ake ja har ƙuraje su fito a goshi, da ƙarin gashi mai nauyi, suna tuge gashin gaba, kuma in aka daɗe ana yi saiwar kan mutu, babu man da zai tayar da ita. Ki ɗaga wa man miƙar da gashi ƙafa har zubar ta lafa. Ki riƙa duba yatsun jariri na hannu da na ƙafa, don silin gashi kan nannaɗe yatsa ya hana jini gudu.

Ki zo asibiti ba tare da jira ba idan zubar ta wuce shekara guda. Idan kai ya yi fili-fili, ko ƙaiƙayi da ɓawo da ƙuraje. Idan akwai jiri, haki da faɗuwar gaba. Ko kasala da jin sanyi da kumburin wuya. Haka kuma wadda ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, sannan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata da na mara suna zuba, ta hanzarta ganin likita. Wannan ba gashin jego ba ne, kuma ba a kwalbar talla maganinsa yake ba.

Ranar awonki ko ranar rigakafi mai zuwa, ki sako kwalbar a jaka tare da katinki. Ba za mu yi miki faɗa ba, karantawa za mu yi tare. Allah Ya sauke masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da aka haifa.