Ruwan da ke cikin allurar ne ke yanke hukunci

Idan aka cika siririyar allura da ruwa, aka haɗa ta da lantarki mai ƙarfin bolt 3,000 zuwa 4,000, ɗigon da ke bakinta yakan daina zama dunƙulalle. Sai ya miƙe ya yi tsini kamar mazurari, wani siririn zaren ruwa ya fito daga tsinin, ya tsittsinke ya zama feshi mai ɗauke da cajin lantarki. Geoffrey Taylor na Ingila ne ya lissafa siffar wannan tsini a 1964, kuma da wannan feshi John Fenn ya buɗe hanyar auna nauyin manyan ƙwayoyin sinadari irin su furotin, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2002.

A ganina, ɗakunan gwajinmu sun fi girmama na'urar fiye da abin da ake zuba mata, alhali kuwa halin ruwan ne ke tsara yadda feshin zai kasance.

A duba fatar ruwa, wato riƙon nan da ke ba ƙwaro damar tafiya a kan tafki. Fatar ruwa zalla ta fi ta metanol ƙarfi fiye da ninki 3, saboda haka sai an ƙara wuta sosai kafin ta yarda ta yi tsini. Sau da yawa iskar da ke kewaye da allurar takan fara tartsatsi kafin a kai nan, feshin ya rikice. Shi ya sa ake gauraya ruwa da metanol ko asetonaitiral, ba don ado ba.

Yadda ruwan ke ɗaukar lantarki ma yana da nasa hukuncin. Binciken Fernández de la Mora da Loscertales na 1994 ya nuna cewa idan wannan ya ninka sau 1,000, faɗin ɗigon yakan ragu kusan sau 10. Ɗan asid ɗin fomik, kashi 0.1 cikin ɗari, shi ne abin da aka saba sawa. Amma gishirin da ba ya bin iska, irin fosfet, ɓarna yake yi. Ana so ne ɗigon ya riƙa ƙafewa har cajin da ke kansa ya yi cunkoso ya fasa shi, iyakar da Rayleigh ya lissafa tun 1882. Gishirin kuwa sai ya daskare a bakin na'urar, ya kuma danne abin da ake nema. Idan ruwan na da yauƙi kamar miyar kuɓewa, zaren ba ya ma tsinkewa, sai ya bushe a matsayin zare. Wannan wata sana'a ce daban, ta saƙar tacen iska.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dikilobos. Irin wannan ragowa na cikin abin da ake aunawa da na'urori masu dogaro da feshin nan. Idan datti ko gishiri ya danne feshin, na'urar ba za ta yi ƙorafi ba: za ta ba da adadi ƙasa da na gaskiya, a sa hannu, buhunan su wuce, sai a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa a gano.

Don haka duk kasafin sayen irin wannan na'ura ya kamata ya zo da layin kuɗin sinadarai masu tsabta na kowace shekara, da injin tace ruwa, da horon ma'aikacin da zai riƙa haɗa gaurayen kowace safiya.