Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin SUBEB da Sakatarorin Ilimi: A San Malami, a Tarbe Shi

Zuwa ga shugabannin Hukumomin Ilimin Bai-ɗaya na jihohin Arewa, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi.

 

Da wuya a sami ma'aikacin da ya sha tantancewa kamar malamin firamare. An ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsu, an duba lambar bankinsa, an ce ya kawo takardar ɗaukarsa aiki ta asali, da shaidar NCE, da ta rajista a hukumar TRCN. Ba laifi ba ne, domin ma'aikatan bogi sun daɗe suna cinye albashin masu aikin gaskiya. Sai dai idan an tashi daga tantancewar, abin da hukuma ke komawa ofis da shi bai wuce lambar fayil da matakin albashi ba. Ba ta san wane ne ke fita tun asuba ya hau babur zuwa ƙauye ba, ko wace ce ke riƙe da aji biyu da goyo a bayanta. Wani lokaci hedimastan da ke zaune da su ma bai sani ba.

A dubi yadda sabon malami ke kama aiki a makarantu da dama. Ya karɓi takardar turawa a ofishin sakataren ilimi, ya bi tambaya har ya gano makarantar. Ya isa ana cikin darasi na biyu, hedimasta ya tafi taro a sakatariya. Mataimaki ya amshi takardar, ya miƙo masa littafin sa hannu, ya nuna masa wani aji da yatsa, ya ce, "Ga aji uku can, tun farkon zango ba su da malami." Ya shiga ya tarar da yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, alhali manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35. Babu wanda ya faɗa masa inda aka tsaya a manhaja. Babu wanda ya nuna masa inda ake ajiye alli da rajista. Da aka tashi tara, ya ga malamai sun taru a gindin darbejiya ana hira, ya yi sallama, aka amsa, aka ci gaba da zancen da ake yi. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda aka yi wa irin wannan tarba, kafin wata ya ƙare ya fara neman wanda zai yi masa hanya a mayar da shi cikin gari.

Ba malami ɗaya abin ya shafa ba. A shekarar 2017, gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ake buƙata ba, ta kuma sanar da ɗaukar sababbi 25,000. An yi ta muhawara a kan dacewar matakin. Abin da bai sami kulawa irin wannan ba shi ne dubban baƙin fuskoki da suka shiga makarantu kusan lokaci guda. Haka aka gani da matasan N-Power tun daga 2016, haka kuma za a gani duk lokacin da wata jiha ta ɗauki malamai da yawa, kamar yadda Kano ke yi tun da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ana ƙidaya waɗanda aka ɗauka, ana shelanta adadin a rediyo. Ya kamata a riƙa ƙidaya waɗanda suka zauna inda aka tura su bayan shekara guda.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Hukuma ta wajabta wa kowane hedimasta ya tarbi sabon ma'aikaci da kansa, ya gabatar da shi ga yara a taron safe, ya haɗa shi da wani tsohon malami da zai riƙe hannunsa har zangon farko ya ƙare. A ƙauye kuwa, gabatarwar ba ta cika ba sai an kai shi gaisuwa wurin mai gari da liman. Nan ne ake samar masa ɗakin kwana, nan ne iyaye ke sanin wanda suka danƙa wa 'ya'yansu. Aikin kwamitin kula da makaranta na SBMC ke nan, tunda a cikinsa akwai sarauta da malaman addini da mata da iyayen yara. An taƙaita kwamitin ga gyaran rufi da sayen benci, alhali malamin da ya ci tuwo a gidan mai gari a makonsa na farko ya fi wuyar gudu.

Sannan a yi wa Allah a duba wa ake turawa ina. Malamin da ba ya jin ko gaisuwar Fulfulde, a tura shi makarantar 'ya'yan makiyaya, irin waɗanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1989, an cuce shi an cuci yaran. Malama mai shayarwa da aka jefa makarantar da babu ban-ɗaki ko ɗaya na mata, ba sai an tambayi dalilin yawan fashinta ba. Duk waɗannan abubuwa ne da hirar minti goma kafin a buga takardar turawa za ta fito da su.

Akwai kuma waɗanda ba a lissafa su cikin ma'aikata sai ranar da wani abu ya ɓace. Maigadi, wanda sau da yawa ya ga zuwa da tafiyar hedimastoci da dama, ya san gidan kowane yaro, ya san yarinyar da aka daina turowa saboda talla. Mai shara. Matan da ke dafa abincin 'yan makaranta a inda shirin ciyarwa ke aiki. Malamin Arabiyya da ake ba kujerar ƙarshe a taron malamai, ko a manta a kira shi. Sai malaman sa-kai, waɗanda ƙungiyar iyaye da malamai ke ba ɗan abin sabulu, wasu sun shekara da shekaru suna riƙe da aji, amma ranar ɗaukar aiki sai su ga an kawo wasu daga nesa. Yara suna kallon duk wannan. Hedimastan da ba ya gaida maigadi yana koyar da darasin da babu shi a manhaja, kuma yaran suna ɗauka.

Abin farin ciki, malamai da kansu sun san hanyar zumunci. A makarantu da yawa akwai adashi da asusun walwala. In an yi wa ɗaya haihuwa a haɗa kuɗin barka, in rasuwa ce a tafi ta'aziyya gaba ɗaya. Abin da ke wargaza wannan shi ne canjin wurin aiki na tsakiyar zango. Da safe kawai a ga jerin sunaye a manne a bangon ofis, malamai huɗu ko biyar sun tashi daga makaranta ɗaya, wasu saboda buƙata, wasu saboda sun saɓa da wani mai faɗa a ji. Adashi ya watse, aji ya rasa wanda ya san shi, waɗanda suka rage kuma su koyi cewa ba a sakin jiki da wuri. Ranku ya daɗe, a tsayar da canjin wurin aiki zuwa hutun ƙarshen shekarar karatu, a nemi ra'ayin hedimasta, a kuma daina mayar da makarantun karkara wurin horo. Duk ƙauyen da aka saba tura masa wanda ya yi laifi, mutanensa sun gane matsayin da aka ba su.

Hedimastoci ma suna buƙatar a koya musu wannan aikin. Galibi shekarun aiki ne ke kai mutum kujerar, ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake jagorantar mutane ba. Shirin ESSPIN, wanda ya yi aiki a Kano da Kaduna da Jigawa da wasu jihohi uku, ya horar da shugabannin makarantu a kan shiga aji su ga darasi, sannan su zauna da malami su tattauna. Jami'an da suka sami wannan horo da yawansu suna nan a ma'aikatu. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin bai-ɗaya, kuma akwai kason horar da malamai a ciki. A ɗebi wani abu daga nan a yi wa hedimastoci bita a kan tarbar ma'aikata da sasanta su.

Jami'an sa ido kuma, in sun je makaranta, kada su tsaya ga littafin sa hannu da tsarin darasi. Su tambayi hedimasta sababbin ma'aikata nawa ya karɓa a bana, wa aka haɗa kowanne da shi, ina suke kwana, kuma yaushe aka yi taron ƙarshe da maigadi da masu dafa abinci suka zauna a ciki. A sa waɗannan tambayoyi a fom ɗin duba makarantu kafin zango mai zuwa ya kama.