ZAUREN UWARGIDA: Bayan An Sallamo Maigida

Yau ba zancen lalle ko turaren wuta zan yi ba, zancen maigidan da Allah Ya tashi kafaɗunsa daga bugun zuciya ne.

Ku mutanen Gaya da Ajingi kun san wahalar: a ɗauko mara lafiya a bi ta Wudil har asibitin Malam Aminu Kano, a sallamo shi da leda cike da ƙwayoyi. Ana cikin murna sai ga busasshen tari mai hana barci. Sau da yawa ba sanyi ba ne, Lisinopril ne, kuma likita kan iya canza masa da Losartan. Asfirin da Clopidogrel kuwa tsinka jini suke yi. In kika ga haɓo ko dasashi na jini ki sanar da likita, in bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta kada ki jira gari ya waye. Kuma don Allah kar a sayo masa Diclofenac a kemis wai don ciwon jiki, ƙara zubar jinin yake.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wanda kunya ke hana faɗa. Atenolol da Bisoprolol suna rage gudun zuciya, suna kawo kasala, wani lokacin har da rauni wajen shimfiɗa, ga kuma fargabar ciwon ita kanta. Kun dai san maza, ba zai taɓa furtawa ba. Amarya ta ce uwargida ta yi asiri, uwargida ta ce ai tun da aka kawo amarya ya canza, gida ya kama da wuta a banza. Shi kuwa sai ya daina shan ƙwayar a ɓoye, alhali yanke irin waɗannan farat ɗaya kan iya dawo da bugun. Ko ya nemi maganin maza ranar kasuwa, wanda wasu ke zuba wa garin Viagra. In wannan ya haɗu da ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe, jini faɗuwa yake yi warwas, sai dai a kwashe shi ranga-ranga.

Ranar komawa asibiti ki tattara duk abin da yake sha, har na gargajiya, ki zuba a leda. Abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba ki lallashe shi ya rubuta a takarda ya miƙa wa likita.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.