Ya san “right”, ya san “behind”, amma “right behind you” ta kayar da shi

Kwanakin baya na je duba wata ɗalibata da ke gwajin koyarwa a wani kwaleji. Ajin turwaziyam ne, yara masu shirin BEPC, shekararsu ta huɗu ke nan suna karatun Ingilishi. Da ta kammala darasi sai na nemi izini, na fito da wani yaro gaban allo, na tsaya dab da bayansa na ce: “I am right behind you.” Na tambayi aji ma'anar wannan magana. Ɗaya ya ce, “Ina bayanka ta hannun dama.” Wata yarinya ta ce, “Ina da gaskiya a bayanka.” Babu wanda ya ce, “Ga ni nan dab da bayanka.”

Yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Sun san “right”, sun san “behind”, kowace da fassararta a littafinsu. Abin da ba mu taɓa nuna musu ba shi ne yadda kalmomin biyu suke zama idan sun haɗu. Kuma laifin namu ne, mu malamai da mu masu horar da malamai.

Ga yadda muka saba. Ranar Litinin mu yi darasin bayanau, wanda muka sani da “adverbe” a Faransanci: mu jera “quickly”, “slowly”, “well”, “here”, “now”, yara su kwafe. Bayan mako biyu mu zo kan ƙananan kalmomin nan masu shiga gaban suna, irin su “in”, “at”, “to”, “from”, “behind”, “after”, waɗanda zan kira ƴan jagora. Su ma a jera su, a kwafe, a cike gurbi. Kowane jeri da shafinsa. Alhali mai magana da Ingilishi da wuya ya yi minti ɗaya yana zance bai haɗa su ba. Ra'ayina shi ne mu daina koyar da su a rarrabe, kuma mu fara daga Hausa, domin yaro ya daɗe yana wannan haɗin a bakinsa.

Haɗuwar tasu iri uku ce. Na farko, bayanau yakan tsaya gaban ɗan jagora don ya auna nisa ko lokaci. “Right behind the door” dab da bayan ƙofa ne. “Straight to bed” shi ne kai tsaye zuwa kwanciya, ba ratse. “Just after prayers” na nufin da idar da salla. “Well before noon” kuwa tun da sauran lokaci mai yawa kafin tsakar rana. A nan “right” ba dama ba ce, “well” kuma ba ta da alaƙa da kyau ko lafiya. Duk ɗan Bahaushe ya san bambancin “bayan gari” da “can bayan gari”, ya san “bakin ƙofa” da “daidai bakin ƙofa”, ya san “kafin asuba” da “tun kafin asuba”. Aikin da “can” da “daidai” da “tun” suke yi mana, shi “right” da “just” da “well” suke yi wa Ingilishi. A nan ne kuma ya kamata yaro ya ji cewa “very” ba ta shiga wannan gurbi: ba a cewa “very behind the door”.

Kada a ɗauka wannan ado ne kawai. Magunguna da yawa da ke shigo mana ta Jibiya da Illela bayaninsu da Ingilishi yake, kuma a gidaje da dama ɗan kwaleji ake miƙa wa takardar ya karanta. Idan an rubuta “right after meals”, ana gama cin abinci za a sha. Wanda aka ce wa ya zo tasha “just before six” da wanda aka ce wa “well before six” ba lokaci ɗaya za su bar gida ba. Kalmar da yaro yake tsallakewa don ya ga ba ta da amfani, sau da yawa ita ce ke ɗauke da umarnin.

Na biyu, bayanau yakan nuna wuri a dunƙule, sannan ɗan jagora da sunansa su biyo baya su tantance: “here in Maradi”, “over there by the well”, “upstairs in the office”, “back at home”. Mu ma haka muke jerawa: nan Maraɗi, can bakin rijiya. A fara da nuni, a biyo da suna. Malamin da ya rubuta “can bakin rijiya” a gefe ɗaya na allo, ya rubuta “over there by the well” a ɗaya gefen, ya rage wa kansa dogon bayani.

Na uku, ɗan jagora ne yake shiga gaba, bayanau ya bi shi a madadin suna: “from here”, “until now”, “since then”, “from abroad”. Daga nan, har yanzu, tun daga lokacin, daga ƙasar waje. Sai dai akwai rami a nan, kuma ɗalibanmu suna yawan faɗawa. Bayan aikatau na tafiya, kalmomi irin su “home”, “here”, “there”, “abroad” ba sa ɗaukar “to”. “Go home” ake cewa, amma yaronmu sai ya rubuta “go to home”, domin kunnensa ya saba da “à la maison”. Da mun tuna masa cewa shi ma “na tafi gida” yake cewa, babu komai tsakanin “tafi” da “gida”, da ya tsira.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun sha faɗa mini a ɗakin malamai: ajin Ingilishi, Ingilishi kaɗai za a ji, Hausa kuma za ta ɓata yara. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Hausar da ta ba yaro “go home” ita ce za ta iya sa ya ce “go market”, tunda “na tafi kasuwa” muke cewa, alhali dole ne “go to the market”. Faransanci ma ba kullum yake cutarwa ba: “juste après” da “just after” tafiyarsu ɗaya, haka “bien avant” da “well before”. Amma shi ne kuma yake haifar da “I speak very well English”, domin Faransanci ya yarda bayanau ya shiga tsakanin aikatau da abin da aikin ya faɗa wa, Ingilishi kuwa sai “I speak English very well”. To yaro ko mun so ko mun ƙi yana kwatantawa a zuciyarsa. Gara mu fito da kwatancen kan allo, mu nuna masa inda Hausa za ta raka shi da inda za ta yaudare shi. Minti biyu na Hausa ba zai rushe awa guda ta Ingilishi ba.

Wasu kuma za su ce manhaja ta yi yawa, aji ya cika maƙil, ga jarrabawa tafe. Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar ƙarin awa ko sabon littafi. Duk ranar da za ka koyar da ɗan jagora, ka kawo shi da abokin tafiyarsa: maimakon “after” ita kaɗai, ka ba da “just after”, “soon after”, “long after”, yara su jera su daga mafi kusa zuwa mafi nisa. Ka mayar da umarninka na yau da kullum darasi: “Come right up to the board”, “Go straight back to your seat”, “Put it over there by the window”. Idan bayanai sun taru a jimla ɗaya, ka nuna musu jerin da aka fi bi, wato yadda aka yi, inda aka yi, sannan lokacin da aka yi: “She read quietly in the yard after lunch.” Ana iya ɗauko lokacin a kai shi farkon jimla, amma yaro ya fara riƙe wannan jerin tukuna.

Tun 2025 dokar ƙasarmu ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan Ingilishin da ake bukata daga yaranmu ya wuce na cike gurbi a takardar jarrabawa. Ana son wanda zai ji kwatancen hanya ya isa, ya karanta umarni ya bi daidai.

Ku kuma iyaye, ko ba ku jin Ingilishi kuna da abin yi. Yau da dare ku ce wa yaronku ya faɗa muku “bayan gida” da Ingilishi, sannan “can bayan gida”, sannan “dab da bayan gida”. Idan amsa ɗaya ya ba ku sau uku, ku ce gobe ya kai wa malaminsa tambayar.