Martani: Cikar Gida Ba Ta Hana Tsoho Kaɗaici

Malam, ka rubuta cewa kaɗaicin tsufa ciwon Turawa ne, tunda namu tsofaffin suna gidan yawa. Ban yarda ba. Kawuna ka ƙirga kawai. Tsohuwar da ake dire wa tuwo a juya, ga hantara safe da yamma, ita kaɗai take ko gida ya cika maƙil. Sai ta daina fita, ƙafa ta sage, maganin hawan jinin ma ba mai tuna mata.

Binciken Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda aka fara a 1938, ya gano cewa jin daɗin zama da makusanta a shekara 50 ya fi awon kitsen jini hasko lafiyar mutum a shekara 80.