Idan Gwajin Ciki Ya Dawo Babu Amsa

Daga mako na 10 na ciki, ana iya ɗibar jinin uwa a auna ɓurɓushin ƙwayoyin halitta da mabiyiya ke zubarwa a cikinsa, domin hasashen larurori irin su cutar Down. Wani lokaci takarda kan dawo babu amsa. Nan take hankalin gida ya tashi, dangi kuma su fara raɗe-raɗi.

Ra'ayinmu shi ne kada a gina hukunci a kan wannan takarda. Sau da yawa dalilin bai wuce ƙarancin ɓurɓushin a cikin jinin ba, ko don an yi gwajin da wuri, ko don ƙibar uwa. Ko da ya ba da amsa, gwajin hasashe ne kawai. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa shakka ba ta kawar da yaƙini, kuma yaƙinin da muke da shi a nan shi ne alfarmar abin da ke cikin mahaifa.

Sai dai tawakkali bai hana neman sani ba. A koma wurin likitan mata a cikin makon, a tambaya ko za a maimaita gwajin, a kuma yi hoton ciki na tsanaki. Idan bukata ta kama, akwai gwajin tabbatarwa: ɗibar ɗan tsokar mabiyiya tsakanin mako na 11 da na 14, ko ruwan da ke kewaye da ɗan tayi daga mako na 15. Dukansu suna da ɗan haɗarin ɓari, don haka miji da mata su ji bayani tare kafin su amince.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a 1990, ta yi rangwame kafin kwana 120 ne kaɗai, kuma sai kwamitin amintattun ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani. Mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, ta fi haka tsanantawa. Takardar da ba ta ce komai ba ba ta kusanci ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba.

Muna kira ga mazaje da su raka matansu asibiti, su rufe ƙofar zargi da tsegumi. Mai juna biyu tana bukatar natsuwa da addu'a fiye da shawarar kowane mai wucewa. Allah ya sauke su lafiya, ya ba mu zuriya ɗayyiba.