An ci gwamna, an rasa majalisa: darasin PRP

1/ Jama'a, da zarar zaɓe ya matso, daga teburin mai shayi na Hanwa har ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru, addu'a ɗaya ake yi: Allah ya ba mu irin Balarabe Musa. Amin. Amma ni a ganina rabin addu'a ce wannan. Ku biyo ni.

2/ A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU, ta ci gwamna a jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Lokacin Katsina tana cikin Kaduna. Suna hawa suka soke haraji da jangali. Tambayi kakanka me wannan ya sauke wa talaka.

3/ To ga inda gizo ke saƙar. A Kano PRP ce ke da rinjaye a majalisar jiha. A Kaduna kuwa NPN ce ta cika majalisa. Sunayen kwamishinonin da Balarabe ya aika, watsi aka yi ta yi da su. Haka ya yi mulki babu kwamishinoni.

4/ Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar ta tsige shi, ko shekara biyu bai cika ba. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Gaskiyarsa ba ta cece shi ba. Ilimin su Dakta Bala Usman na ABU, da ya riƙe sakataren gwamnatin jihar, shi ma bai hana ba.

5/ Ku lura: tsarin mulkin 1979 ya ce sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa ake tsige gwamna. Ke nan da masu goyon bayansa sun ɗara kashi ɗaya cikin uku, ko da kujera ɗaya ce, da ba a iya taɓa shi ba. Ƙari a kan haka, PRP ɗin ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo.

6/ Mu leƙa Turai mu ga jam'iyya mai irin wannan aƙida. Denmak ƙasa ce ƙarama, mutanenta ba su kai na jihar Kaduna ba. Jam'iyyarsu ta Soshal Dimokurat tun 1871 take, ƙungiyoyin ƙwadago ne ƙashin bayanta. Sai a 1924 ta samu firaminista na farko, Thorvald Stauning. Shekara 53 ana gini.

7/ Kuma ba ta taɓa samun fiye da rabin kujerun majalisa ita kaɗai ba. A 1933 Stauning ya zauna da jam'iyyar manoma, abokan hamayya, aka yi ba-ni-in-ba-ka, dokokin tallafa wa marasa ƙarfi suka wuce. Yau ɗan ƙasar ba ya biyan kuɗin jami'a, har alawus ake ba shi. Haraji mai nauyi suke biya, kar a ce ban faɗa ba.

8/ Wani zai ce ai Balarabe ƙin sayar da mutunci ya yi, NPN ba sulhu take nema ba. Na yarda da kai, ba shi nake zargi ba. Tambayata ga masu zaɓe ce: yaya za ka tura mutum gona ka riƙe fartanya a gida?

9/ Yanzu fa? Majalisar Kaduna kujeru 34 ne. Ƙaramar hukumarmu ta Sabon Gari tana da biyu, Sabon Gari da Basawa. Tsakani da Allah, mu nawa muka san sunan mai wakiltarmu? Alhali ta hannunsu kasafin makarantu da asibitoci ke wucewa.

10/ Mu da muka zauna gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, bai kamata mu riƙa jiran mutum ɗaya ya zo ya gyara komai ba. Hajiya Gambo Sawaba a nan Sabon Gari ta yi gwagwarmayarta, gida-gida take bi tana tara mata, ana ɗaure ta tana komawa.

11/ Abin da nake so mu yi: duk jam'iyyar da ta ce ta talaka ce, a tambaye ta 'yan takararta na majalisa da kansila tun kafin na gwamna. Su waye? Wa ya saya musu fom? In ka gamsu, ka yanki kati, ka biya kuɗin mamba, ka je taron mazaɓa. Jam'iyyar da attajiri ɗaya ke ciyarwa, shi za ta yi wa aiki.

12/ Allah ya jiƙan Malam Aminu da Balarabe da Hajiya Gambo. In ka san ɗan majalisarka, rubuto sunansa da abu ɗaya da ya yi a ƙasa, mu gani.